Hular da Ta Shekara Talatin Ba Ta Bushe Ba

Ranar da muka kai Kawu makwancinsa, na faɗa a gaban mutum ɗari biyar, ko kuma in za a bi gaskiya mutum goma sha biyu da ke kan tabarma ɗaya da ni, cewa duk faɗin Bauchi, daga Wunti har inda kwalta ta ƙare, babu mahalukin da ya san wannan tsoho kamar ni. Na ce a ɗaure min ido da rawani, a miƙo min kowacce cikin hulunan sojan da ya tara, shinshinawa kawai zan yi in faɗi mai ita da garinsu da abin da ya karya kumallo da shi ranar da ya bar aiki. Taubashina, babban ɗan marigayin, ya ɗago jajayen idanunsa ya ce, "Kai ko yau ba za ka huta ba?"

Ban huta ba. Kwana ɗaya rak aka yi Allah ya kama ni.

Na Allah ne mu, kuma can za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara tamanin da 'yan kai, bayan jinyar da ba ta kai mako ba. Sana'arsa wankin hula. Shagonsa na nan a Wunti, ɗan ƙarami, in ka shiga da ƙafar dama sai ta hagu ta jira ka a waje. A ƙofarsa kullum za ka ga gumagumai na itace a jere cikin rana, kowanne da hula a kansa, kamar dattawa sun zo taro sun rasa mai buɗewa da addu'a.

Zaman makokin ya tara irin mutanen da ba sa haɗuwa a tabarma ɗaya. Wani Alhaji ya zauna ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa, ya cire zannarsa ya juya ta a hannu, sai ya ce a fili, "To yanzu wa zai wanke min wannan?" Da ya ji abin da bakinsa ya faɗa sai kunya ta kama shi, kunyar kuma ta zama kuka. Masu keke na bakin layi sun kashe injinansu sun zo a jere, domin Kawu ne mai ajiye musu randar ruwan sanyi. Wasu tsofaffin sojoji uku sun zo, kowanne da sandarsa, suka ƙi zama sai da suka ƙame a ƙofar shagon da ke rufe. Ɗaya daga cikinsu har ya nemi buga ƙafa, gwiwa ta ce ba da ita ba. Mahaifiyata kuwa, wadda ta girme shi da shekara huɗu, abu ɗaya take ta maimaitawa: "Yaron nan bai taɓa bin layi ba. Ni ce gaba."

Washegari da safe wata mata ta sauka daga keke, sa'ata a shekaru, da baƙin zane da ɗankwali. Ta gaishe mu daga nesa, ta shiga cikin gida ta yi wa mata ta'aziyya, ta fito ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Don Allah wa ke riƙe da kayan Baba mai hula?"

Yatsu goma sha biyu suka nuna ni. Na gyara zama.

Ta ce, "Malam, sannu da haƙuri. Daga Yelwa nake. Babana fasto ne, a soja ya yi aikinsa har ya gama, shi ne mai yi wa sojoji Kirista addu'a. Abokin Baba ne. Tun jiya da ya ji rasuwar ko ruwa bai yarda ya sha da kirki ba, ƙafa kuma ba ta kawo shi nan. Cewa yake yana so ya sara wa abokinsa."

Na ce, "To ai sai ya sara, Allah ya ba da lada."

"Ya ce soja ba ya sarawa kai babu hula. Hularsa kuma tana wajen Baba. Yana so a kai masa kafin ranar addu'ar uku ta wuce."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ta zo inda ya dace.

Bari in yi wa wanda bai san Kawu ba bayani. Yana saurayi ya yi wanki da guga a bariki. A can ya shaƙu da limamin sojoji, wani dattijo da ya ƙarasa masa karatun da ya bari a rabi. Wata rana liman ya ba shi hularsa ta aiki ya wanke, aka tashe su tafiya da gaggawa, liman ya tafi da wata hular, bai dawo ba. Hula ta bushe, babu mai karɓa. Kawu ya ce ya kai wata shida yana ɗora ta a kan gungume kowace safiya, ko mai ita zai shigo. Daga nan abin ya samo asali. Da ya bar bariki ya buɗe shago, sai ya shiga neman hulunan limaman soja, na Musulmi da na Kirista, dukansu da sunan limamai yake kiran su. Wasu masu su ne suka ba shi da hannunsu, wasu iyalansu suka kawo bayan rasuwa, wasu kuma ya tsinto su a tarin gwanjo. Ya taɓa zuwa har Jos a bayan motar kaya saboda hula ɗaya da asu ya cinye rabinta. Ni a wajen hira nakan ce sun kai dubu. Ashirin da uku ne.

Akwai masu laushi da ake karkatawa gefe, akwai masu baki irin na hafsoshi, akwai ta kwano guda ɗaya da ta lotsa. A goshin kowacce da tambarinta, wasu wata da tauraro, wasu kuros. In ka kawo masa hular janar ma ba ya so. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Kowa an ba shi bindiga ya tafi. Waɗannan da baki kawai aka tura su."

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Maƙwabcinsa, mai sayar da yadi a kasuwar Muda Lawal, ya tare shi wata rana bayan sallar la'asar ya ce, "Malam, ashe kuros kake ajiyewa a ɗakin da kake nafila?" Kawu ya ce, "Alhaji, hula ba ta sallah, ba ta zuwa coci. Gumin mutum ne a cikinta, kuma a kan gawar 'ya'yan mutane aka yi gumin nan." Maƙwabci ya yi fushi ya kwashe hulunansa ya koma wa wani mai wanki a Gwallaga. Bayan shekara biyu ya dawo da su a leda, sun sha sitaci har suna iya yanka albasa. Kawu ya karɓa, ya jujjuya su, bai ce komai ba sai, "Sun sha wuya." Wannan maƙwabcin ne ya shiga kabari ya karɓi gawarsa ranar Talata.

Ni ma mun taɓa ɓatawa. Ina da ƙuruciya a lokacin, wato shekarata arba'in. Na faki idonsa na ɗauki ɗaya mai baki na kifa a kai, na fita majalisa ina fareti ina ba masu shayi umarni. Ana cikin dariya sai na ji an zare ta daga baya. Bai ɗaga murya ba. Ya kakkaɓe ta da gefen hannu ya ce, "Mai wannan ya wanke gawarwakin da uwayensu ba su gani ba." Mako guda ko gaisuwata ba ya amsawa. A rana ta takwas na iske ƙunshin masa mai zafi a rumfata ta hatsi, an ce wani tsoho ne ya ajiye ya wuce. Haka yake ba da haƙuri, haka kuma yake karɓa.

Kowace Alhamis da yamma yakan fito da su daga akwatin ƙarfe ya jera a kan gumagumai su sha iska. Yana goge su da buroshi yana ba da labarin kowacce: wannan Babarbare ne mai son barkono, wannan ya yi wa mutum addu'a a cikin kwalekwale. Ni kuma ina kan benci a gefensa, shekara da shekaru, ba na fashi. Abin da ban faɗa wa mutanen tabarma ba shi ne, da zarar ya ce "Babarbare" sai in tuna da wani Babarbare da na sani, in karɓe zancen, kafin in dire an kira magariba.

To, ranar Laraba taubashina ya buɗe akwatin a zaure. Guda biyar ne masu kuros. Ya ce, "Ga su, malamin hanci. Bismillah."

Na ɗauki ta farko na shinshina: kafur. Ta biyu: kafur. Har ta biyar, babu abin da suke yi sai warin kafur, kamar an haife su a kanti ɗaya. Taubashi ya ce mu kwashi duka biyar ɗin mu kai wa tsohon ya zaɓa. Na ce wannan aikin wanda bai sani ba ne. Na duba wadda ta fi kyau, mai baki mai sheƙi, na ce a raina abokin Kawu ba zai sa ƙaramar hula ba. Na ɗaga ta na ce, "Ita ce. Ko a mafarki na gan ta zan gane."

Muka shiga keke da matar har Yelwa. Mun iske Baba Fasto a kujera ƙarƙashin mangwaro, siriri kamar sillen kara, idanunsa sun yi yana. Ya sa farar riga mai guga, takalmansa sun sha shafe. 'Yarsa ta ce tun asuba ya sa aka shirya shi. Na durƙusa na gaishe shi, ya yi min ta'aziyya da Hausar da ta fi tawa tsafta. Na miƙa masa hula da hannu biyu. Ya shafa bakinta, ya shafa tambarin, ya ɗora a kai. Hula ta wuce goshi, ta wuce gira, kunnuwa ne suka tare ta.

Ya cire a hankali ya ce, "Wannan ta wani Fadan coci ce, mutumin kudu. Kansa kamar tulu, Allah ya ji ƙansa."

Na ce, "Baba, ko dai kai ne ka rame?"

"Jiki ke ramewa, ɗana. Ƙoƙon kai ba ya ramewa."

'Yarsa ta ce, "Baba, ka yi haƙuri ka yi da ita mana. Ai duk kuros ne."

Ya ce, "Ba a sarawa da hular wani."

Sai ya ba mu labarin yadda tasa ta zauna a Wunti. Ranar da ya ajiye aiki ya kai wa Kawu ita ya yi mata wankin ƙarshe, don ya adana. Bayan mako ya koma karɓa, Kawu ya ce ba ta bushe ba. Ya koma bayan wata, ya ce ba ta bushe ba. "A zuwa na uku na gane," in ji shi. "In na karɓa, me zai sake kawo ni Wunti?" Daga nan kowane farkon wata, ranar Litinin da safe, lokacin ni ina kasuwa, sai ya je shago ya yi sallama ya ce, "Mai hula, an gama?" Kawu ya ce, "Da saura, Fasto, ba ta bushe ba." Sai a shimfiɗa buhu, a aika a kawo shayi, su yi ta tsofaffin zance har azahar ta raba su. Shekara talatin. Da ƙafa ta gagare shi shekara huɗu da suka wuce, Kawu ne ya riƙa shiga keke yana zuwa Yelwa, ya zauna a nan ƙarƙashin mangwaron ya ce, "Na zo in faɗa maka ne, har yanzu da ɗan danshi."

Na ce zan koma in kwaso sauran huɗun ya taɓa ya zaɓa.

Ya girgiza kai. "Ɗaya cikinsu mai baki ce, ba tawa ba. Sauran ukun masu laushi ne, iri ɗaya aka ba mu, mu uku, girma ɗaya, shekara ɗaya. Ko ina da ido ba zan raba su ba. Shi kaɗai ya san wacce ce tawa."

A keke na dawo ina gumi kamar na yi dako. Na shiga tsakar gida na ja taubashi gefe, na jera hulunan uku a kan turmi na ce, "Ka ga, tsohon nan ba ya gani, kuma da bakinsa ya ce ba zai gane ba. Mu ɗauki ɗaya mu ce ita ce. Wa zai sani?" Ni a ganina raɗa nake yi. Mutane sun sha gaya min raɗata tana kaiwa bakin titi.

Daga cikin ɗaki aka ce, "Ni zan sani."

Goggo ce, matar Kawu. Tun ranar Talata ta shiga takaba, tana bayan labule da carbinta, mata na kewaye da ita. Babu wanda ya yi tunanin ya dame ta da zancen shago. Mace ce da a iya sanina ba ta taɓa taka ƙofar shagon nan ba.

Ta ce, "Miƙo su nan, ɗaya ɗaya."

Na durƙusa a bakin ƙofa na tura ta farko ta ƙarƙashin labule. Ina ganin hannunta kawai. Ba ta dubi tambari ba, ba ta dubi komai na waje ba. Ta kifa hular ta zura babban yatsa ƙarƙashin fatar da ke zagaye da ciki, ta bi a hankali. "Wannan ta mutumin Zuru ce." Ta turo ta waje. Ta biyu: "Wannan matarsa ce ta kawo, da goyo a bayanta." Ta uku ta daɗe a hannunta. "Ga ta Fasto."

Na ce, "Goggo, da me kika gane?"

Ta ɗaga fatar ta turo min. Ɗinki ne ƙanƙani da koren zare, layi uku sun haɗu, kamar sawun kaza. Ta ce tun tana amarya, duk hular da ta shigo hannun Kawu sai ta kwana a gida ta yi mata alama a ciki, don kada kayan mutane su cakuɗe a wajen wanki. Shi ba ya rubutun boko, ita ma haka. Sai ya faɗi mai hula, ita kuma ta zaɓa masa alama. Ta Fasto sawun kaza ce, saboda ranar sunan taubashina da kaza ya zo a hammata, cikin kakinsa, mutane na ta kallo.

"Shi ya riƙe labari, ni na riƙe alama," in ji ta. "Me ya hana ku tambaya?"

Taubashi ya ce, "Inna, ai kina takaba."

Ta ce, "Fita takaba ta hana ni. Ba ta hana ni sani ba."

A zaman nan ta bi akwatin kaf. Ta san goma sha tara. Huɗun da suka rage na gwanjo ne, Kawu kansa bai san masu su ba, baƙi yake ce musu, kuma in ji ta ba ya tashi daga sallar asuba bai sa su a addu'a ba. Taubashi ya samo takarda ya riƙa rubuta abin da take faɗa yana sakawa a cikin kowace hula. Ni aka ba ni aikin riƙe murfin akwati.

Ranar Alhamis da safe aka yi addu'ar uku. Allah ya ji ƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sanyaya wa masu wucewa maƙogwaro, ya ba Goggo da mahaifiyata da mu duka haƙurin rashinsa. Ana shafawa na sa hular a aljihun babbar riga na tari keke.

Baba Fasto na nan inda na bar shi, cikin wata farar rigar. Ya karɓa, ya ɗora, ya ja ta gefen dama da yatsu biyu, ta zauna daram kamar jiya ya cire. Na kama hannunsa na kai yatsansa kan koren zaren, na gaya masa labarin kazar. Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce mu tashe shi. Ni a dama, 'yarsa a hagu, nauyinsa bai fi na buhun dusa ba.

Ya ce, "Ina ne wajen da aka kai shi?"

Muka juya shi ya fuskanci gari. Ya ce mu sake shi. Muka saki, amma hannayenmu na kusa. Ya haɗa dugadugansa, ya miƙe iya abin da baya ya yarda, ya ɗaga hannun dama zuwa gefen goshi. Ya daɗe bai sauke ba. Ni dai na ƙirga har na gaji, 'yarsa ta juya baya tana share fuska da bakin zane. Da ya ga dama ya sauke, ya ce, "Sauka lafiya, mai hula." Muka zaunar da shi. Ya nisa, ya ce wa 'yarsa in akwai sauran kunu a kawo.

Da na ga hankali ya kwanta, sai halina ya motsa. Na ce, "Baba, ai ba ƙaramin aiki na yi ba. Cikin hula wajen dubu, kallo ɗaya na yi mata na ce ga ta. Kawu bai ɓoye min komai ba, ni ne na hannun damansa."

Ya juyo da kunnensa wajena, yana juya kunu da ludayi. "Kai ne ɗan yayarsa, mai rumfar hatsi?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Ashe yana ba ka labarina."

"Kullum. Yana son ka ƙwarai." Ya kurɓi kunu. "Ya ce tun da ka fara zama a shagonsa bai sake sayen batirin rediyo ba."